Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Filato Kan Kasar Kurmi Da 'Yan Ci-Raninmu

Mai girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, na rubuto ne domin in ja hankalin ma'aikatarka ga wani haɗari da ke samun 'ya'yan wannan jiha a wajen iyakarta, wanda kuma nake ganin rigakafinsa daga nan Jos ya kamata ya fara.

Ranka ya daɗe, da zarar an gama girbi, matasa da magidanta da yawa sukan taru a tashoshin motar Jos su nufi kudu neman na kai wa bakin salati. Wasu sukan tafi ƙwadago a gonakin koko na Ondo da Osun da yankin Ikom a Kuros Riba, wasu gonakin roba da kwakwar manja na Edo, wasu su bi masu yankan katako cikin daji, ga kuma fataken goro da suka daɗe suna zirga-zirga tsakanin Arewa da Shagamu. Lokacin tafiyarsu ya yi daidai da babbar kakar koko, wadda ke farawa wajen Oktoba ta kai farkon sabuwar shekara, wato lokacin da ake matuƙar buƙatar hannu a ƙarƙashin itatuwa. Waɗannan mutane sun san macizan ƙasarsu. Sun san kububuwa da ƙarar da take yi in ta goga jikinta, sun san kasa da hucinta, sun san kumurci da tofinsa. Abin da mafi yawansu ba su sani ba shi ne, a dazuzzukan da suke shiga akwai wata babbar macijiya da ba ta zama a ƙasar ciyawa irin tamu, kuma ilimin da suka tafi da shi daga gida ba zai taimake su su gane ta ba.

Macijiyar da nake nufi ita ce kasar kurmi, wadda masana suka rubuta bayaninta tun 1854 suka kira ta Bitis gabonica. 'Yar uwar kasar da muka sani ce, sai dai ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Mazauninta dazuzzukan da ruwan sama ya wadata ne a Afirka ta Tsakiya da wasu sassan gabashi da kudancin nahiyar, kuma a Najeriya ana samun ta a kurmin kudu da gonakin da aka sara a bakin kurmin. Tsawonta yakan wuce mita ɗaya, manya daga ciki su kusanci mita 2, amma kaurinta ne ke ba da mamaki, domin babba takan kai nauyin kilo 8 ko fiye. Kanta faffaɗa ne mai kusurwa uku, fari-fari, da wani siririn baƙin layi da ya ratsa tsakiyarsa, har ya zama da wuya a bambanta shi da busasshen ganye. Fiƙoƙinta kuwa sukan kai santimita 5, kuma babu wani maciji a duniya da ya kai ta tsawon fiƙa. Haka nan tana cikin macizan da suka fi kowanne zuba dafi mai yawa a sara ɗaya, saboda girman jakunkunan dafin da ke bayan idanunta.

Zanen fatarta shi ne tushen haɗarin. Wanda ya gan ta a hoto, a kan farin daɓe, zai ce ai ko makaho ya san da ita, domin jikinta cike yake da zane-zane masu ruwan ƙasa da ruwan hoda da shunayya da baƙi. To amma a gonar koko ƙasa a rufe take da ganyen da ya zubo ya bushe, hasken rana kuma yana ratsowa ne ɗigo-ɗigo ta cikin rassa, kuma a irin wannan wuri zanen nan yakan narke cikin ganyen har mutum ya tsaya taku ɗaya daga gare ta bai gan ta ba. Ba ta farauta da gudu. Takan kwanta wuri ɗaya ba motsi, wani lokaci kwanaki, tana jiran ɓera ko gafiya ko tsuntsu ya gitta, kuma ta fi kuzari da dare. Yawancin macizai in sun ji takun mutum sukan sulale su ba shi hanya, ita kuwa kwanciyarta ce kariyarta, saboda haka ba ta gudu.

Adalci ne in faɗi cewa kasar kurmi ba mafaɗaciya ba ce. Masana sun yi ittifaƙi a kan sanyin halinta, kuma saranta ba shi da yawa idan aka kwatanta da na kububuwa. Sau da yawa sai an taka ta, ko an ɗora hannu a kanta, kafin ta kai sara, wani lokacin ma sai ta yi huci mai ƙarfi na gargaɗi tukuna. Sai dai idan aka duba irin aikin da 'yan ci-raninmu suke yi, za a ga cewa su ne suka fi kowa kusa da takawar. Su ne ke share ƙarƙashin itatuwa da adda, su ne ke sunkuyawa su tsinci 'ya'yan kokon da suka faɗo cikin ganye da hannu, su ne ke ɗaga guntayen itace, su ne ke fita da asuba ko su dawo bukka bayan magariba sanye da silifa, babu tocila. Mai gonar da ya tashi a wurin ya san inda ba a sa hannu. Baƙon da ya zo jiya daga Filato ko Bauchi bai sani ba, kuma ba lallai ne wani ya tsaya ya gaya masa da harshen da yake ji ba.

In kuwa saran ya auku da cikakken dafi, al'amarin ba ya jira. Saboda tsawon fiƙar, dafin yakan shiga can cikin tsoka. Nan da nan wurin yakan ɗauki zafi mai tsanani, kumburi ya fara hawa har ya cinye ƙafa ko hannu gaba ɗaya, fata ta yi bororo mai jini. Dafin yana lalata nama, yana huda ƙananan jijiyoyin jini, yana hana jini daskarewa, yana kuma iya sa hawan jinin mutum ya faɗi warwas har ya suma, ya taɓa bugun zuciya. Wanda ya tsira da ransa ba tare da magani a kan kari ba yana iya rasa yatsu ko ƙafa saboda ruɓewar nama. Ga mutumin da jarinsa duka ƙarfin jikinsa ne, yanke ƙafa na nufin gidansa ya rasa mai ciyar da shi.

A nan ne nake roƙon ka dakata ka dubi wata ɗabi'a tamu, domin ita ce ta sa na ga cewa maganar ta shafi ma'aikatarka ko da yake macijiyar ba a jiharka take ba. Ɗan ci-rani in ciwo ya same shi a baƙon wuri, abin da ke fara zuwa zuciyarsa da ta abokan tafiyarsa shi ne a kai shi gida. Ba ya jin harshen mutanen wurin sosai, yana tsoron kuɗin asibiti, kuma ya san wani mai maganin maciji a ƙauyensu da ya yarda da shi. Sai a yi karo-karo a sa shi a mota, a kama hanyar da za ta ci yini guda cur kafin a iso Jos. Ga zazzaɓi ko karaya wannan shawara tana iya wucewa lafiya, amma ga saran kasar kurmi kowace sa'a da aka ɓata a hanya dafin yana ƙara cin nama ne, kuma allurar kashe dafi ba ta dawo da naman da ya riga ya mutu. Kafin a tashi kuma an riga an yi abin da aka saba: an ɗaure ƙafar tamau da igiya ko robar taya, an tsaga wurin da reza, an tsotse ko an kafa ƙaho, an manna baƙin dutse. Likitoci sun daɗe suna bayani cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitar da dafi. Ɗaurin yana tsare jini ga gaɓar da dafi ke ci, ya gaggauta ruɓewarta, tsagar kuma tana buɗe ƙofar zubar jini ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa. Abin da ake so kaɗan ne: a janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a sa wa gaɓar kara kamar yadda ake wa karaya domin ta daina motsi, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti mafi kusa. Kada a ba shi asfirin ko danginsa, domin suna ƙara zubar jini. Kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin, hoto daga nesa ya wadatar in ya samu.

Ban kawo wannan don in ci mutuncin masu maganin gargajiya ba. Suna da kima a idon jama'a, kuma dalilin da ya sa ake yarda da su a bayyane yake: ba kowane maciji ne mai dafi ba, mai dafin ma ba kowane sara ne yake zuba dafi ba, saboda haka da yawa daga waɗanda aka kai musu da ma za su warke. Waɗanda dafi ya shiga jikinsu da gaske su ne ke isa asibiti a makare. Zai fi amfani ma'aikatarka ta zauna da su ta nuna musu alamomin da in sun gani dole su tura mutum asibiti nan take, wato kumburi mai hawa, jini daga dasashi ko cikin fitsari, nauyin fatar ido, da wahalar numfashi, maimakon a yi ta yaƙi da su a rediyo jama'a kuma su ci gaba da zuwa wurinsu a ɓoye.

Sai maganar allurar kanta, wadda jama'a da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suke ɗauka iri ɗaya ce. Ana yin ta ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya haɗa garkuwa, sannan a ɗebi jininsu a tace garkuwar. Saboda haka kowace allura tana aiki ne a kan dafin da aka yi ta da shi da kuma na danginsa na kusa. Haɗin gwiwar da aka yi tsakanin Najeriya da masana na Liverpool da Oxford ya samar mana da iri biyu da aka gwada a kan majinyata a Kaltungo: EchiTAb-G, wadda ake haɗawa a Birtaniya domin kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus, wadda ake haɗawa a Kosta Rika daga dafin kububuwa da kasa da kumurci. Wanda kasar kurmi ta sara, in aka yi masa ta farkon, an ɓata kuɗi da lokaci ne kawai. Yana buƙatar allura mai faɗi da aka tabbatar tana kashe dafin dangin kasa, kuma sau da yawa kwalabe masu yawa, gwargwadon yawan dafin da ya shiga. A Afirka ta Kudu ana haɗa wata allurar da dafin kasar kurmi yana cikin abin da aka yi ta da shi. Wajibi ne likitan da ke karɓar ɗan ci-ranin da aka dawo da shi daga kudu ya tambayi inda aka sare shi kafin ya buɗe firij, kada ya ɗauka duk wanda ya shigo da kumburi da zubar jini kububuwa ce ta sare shi.

Haɗarin allurar da ba ta dace ba ya riga ya faru a maƙwabta. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya allurar da aka saba da wata mai araha da aka haɗa a Indiya, mace-macen waɗanda kububuwa ta sara sun tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa kashi 12.1. Macizan Indiya daban ne da namu, ko da kuwa suna kama da juna a ido. Duk lokacin da ingantacciyar allura ta yi ƙaranci a asibitocin gwamnati, irin waɗannan ne ke cika kantunan magani, dangin majinyaci kuma su sayar da akuya ko buhunan hatsi su saya, domin ba su da hanyar bambancewa. Binciken kantunan da ke kewaye da manyan asibitocinmu, tare da hukumar NAFDAC, aiki ne da ma'aikatarka za ta iya farawa ba tare da jiran kasafin kuɗi na musamman ba.

Ranka ya daɗe, ba zan yi maganar macijiyar kurmi in manta da wadda ke cikin gonakinmu ba. Kububuwa ba ta cika wuce tsawon kamu ɗaya da 'yan kai ba, amma ita ce ta fi kowane maciji kisa a Najeriya, kuma kudancin Filato, wato Langtang da Wase da Shendam da Mikang da kewayensu, haɗe da Kanam, yana cikin yankunan da ta fi addaba, musamman lokacin shuka da lokacin girbi. Cikin waɗanda dafinta ya shiga jikinsu ba su sami allura ba, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari sukan mutu, alhali da ingantacciyar allura adadin yakan sauko ƙasa ƙwarai. Wannan ne ya sa cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙwarewa a kan saran maciji a ƙasar nan, tare da asibitin Kaltungo a Gombe. Gwajin nan mai sauƙi da ake zuba jinin majinyaci a busasshiyar kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko zai daskare, daga aikin da Farfesa David Warrell da abokansa suka yi a Arewacin Najeriya a shekarun 1970 ya samo asali, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama. A Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib da ɗalibansa sun ci gaba da wannan bincike. Ilimin yana hannunmu. Abin da ke yankewa shi ne allurar, kamar yadda aka gani bayan kamfanin Sanofi ya daina haɗa allurarsa ta kashe dafi mai suna Fav-Afrique, wa'adin ragowarta kuma ya ƙare a 2016, da kuma ƙarancin da ya auka wa Filato da Gombe a ƙarshen 2017 daidai lokacin girbi. Jihar da ba ta iya tabbatar da allurar kububuwa a Zamko duk shekara ba, ba za ta iya yi wa ɗan ci-ranin da aka kawo daga Ikom komai ba, don haka gyaran guda ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai suna saran mutum kimanin miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 da 138,000 su mutu, waɗanda ke nakasa kuma su ninka haka kusan sau uku. A 2017 ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A nan gida, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ambaci kimanin sara 20,000 da mutuwa 2,000 a shekara. Waɗannan alƙaluma daga asibitoci aka fi tattaro su, wanda ya mutu a bukkar gonar koko ko a bayan mota tsakanin Lokoja da Akwanga kuwa babu littafin da ya shiga. Zai yi kyau asibitocin jihar nan su riƙa rubuta garin da aka sari kowane majinyaci, da sa'o'in da suka wuce kafin ya iso, da abin da aka yi masa a hanya, domin da wannan ne za a san girman matsalar 'yan ci-rani a maimakon a yi ta hasashe.

Abin da nake roƙo mafi sauƙi shi ne a kai saƙon inda matafiyan suke. Tashoshin mota da kasuwanni irin su Katako da Farin Gada su ne ƙofar fita, shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa kuma ana jin maganarsu. Takarda guda mai hoton kasar kurmi a cikin ganye, yadda take a zahiri, da bayani cikin Hausar boko da ajami, da sanarwa a gidan rediyon jiha daga watan Satumba, za su isa kunnen mutanen da ba za su taɓa halartar taron bita a otal ba. Saƙon ya ƙunshi takalmin roba mai tsawo, da tocila, da motsa ganye da sanda kafin a sa hannu, ya kuma nanata cewa asibiti mafi kusa ake nufa, ba gida ba. Ranar 19 ga Satumba, wadda aka ware a duniya domin wayar da kai kan saran maciji, ta faɗo daidai gab da tafiyar. Haka kuma kana zama da takwarorinka na Ondo da Edo da Kuros Riba a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, kuma ta wurinsu za a iya samun sunayen asibitocin da ke ajiye allurar da ta dace a yankunan kurmi, a miƙa wa sarakunan Hausawa na garuruwan, domin su ne ake fara bugawa waya in wani abu ya sami ɗan Arewa a can.

Game da kuɗi, muddin dangin majinyaci ne za su biya allurar daga aljihunsu, za su ci gaba da fara zuwa wurin mai magani. Ina roƙon a sa saran maciji cikin abin da hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, take ɗauka, a kuma sayi allurar damina tun kafin ruwa ya sauka, a raba ta ga manyan asibitocin kudancin jihar da na Jos tare da firij mai aiki da hasken rana, tunda mai ruwa-ruwa tana lalacewa in ta rasa sanyi. Akwai kuma magana mai nisa da ta dace a ce daga Filato ta fito. A Vom muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda tun 1924 take aiki kuma ta ƙware wajen haɗa alluran rigakafin dabbobi. Har yanzu dafin macizanmu ake kai wa ƙasashen waje a haɗa allura a sayar mana da kuɗin waje, duk lokacin da naira ta faɗi kuma kwalbar ta ƙara tsada. Cibiyar ta tarayya ce, na sani, amma gwamnatin jihar da ke da Vom da Zamko da asibitin koyarwa a cikin iyakarta tana da bakin da za ta matsa wa Abuja a fara haɗa allurar a gida, kuma idan an tashi tsara ta a sa dafin macizan kurmi a lissafi tare da na ƙasar ciyawa.

Ina fatan ma'aikatarka za ta fara da sanarwar tashoshin mota da binciken kantunan magani kafin kakar koko mai zuwa, ta kuma sanar da jama'a asibitocin jihar da ke da allurar a hannu da irin wadda kowanne yake da ita.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani mazaunin Jos